GIDA DA MAKARANTA: Kada Mu Ruɗi Yaro a Kan Hanyar Asibiti

 

Bara muna da wani yaro ɗan shekara 6 a aji ɗaya. Iyayensa suna zaune a Badarawa, cikin ƙasar Shinkafi, shi kuwa yana wurin gwaggonsa a Kaura Namoda saboda makaranta. Yaron nan kullum bakinsa a buɗe yake, majina ba ta yanke masa, kafin ƙarfe 10 na safe kuma ya fara gyangyaɗi a kan benci. In an kira shi daga baya, sau da yawa ba ya waiwayowa. Mu dai mun ɗauka lalaci ne da taurin kai, har mun tsawata masa ba sau ɗaya ba. Yau muna jin kunyar wannan. Sai ran nan gwaggonsa ta zo ta ce mana, "Malam, yaron nan ba ya barcin kirki. Minsharinsa ya fi na tsoho. Wani lokaci numfashinsa yakan ɗauke, in tsaya ina kallonsa gabana yana faɗuwa, sa'an nan ya zabura ya ja iska da ƙarfi."

Da mahaifinsa ya zo ya ji labari, sai ya ce, "Ai belu ne. Zan tafi da shi gida wanzami ya cire." Muka roƙe shi ya bari likita ya fara dubawa. Ya yarda, ko da yake ba da son ransa ba. Ashe ba belu ba ne. Wani nama ne a bayan hanci ya yi girma ya toshe hanyar iska, ƙarshenta dai aka ce sai an yi masa aiki. Abin da muka koya tare da iyalin nan shi ne muke so mu gaya muku a wannan wata, gama mun tabbata ba shi kaɗai ba ne a garuruwanmu.

WANE IRIN NAMA NE?

Likitoci suna kiransa adinoyid. Kowane yaro yana da shi. Yana can bayan hanci, sama da ganɗa, inda hanci yake haɗuwa da maƙogwaro. Ko yaro ya wage baki ba za ku gan shi ba. Aikinsa shi ne taimakon jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta masu shiga ta hanci. Yakan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ya riƙa raguwa da kansa, har kafin yaro ya zama saurayi ya kusa ɓacewa. Wani likita mutumin ƙasar Danmak mai suna Wilhelm Meyer ne ya bayyana wa duniya wahalar da naman nan yake kawowa, a shekara ta 1868, ya kuma nuna yadda ake cire shi. Watau aikin ba sabo ba ne, an yi fiye da shekara 150 ana yinsa.

In naman ya yi girma ainun, yaro ba ya iya numfashi ta hanci. Shi ya sa yake sakin baki, yake minshari, yake magana kamar mai mura. Barcinsa yakan yi ta yankewa, saboda haka da rana ba shi da kuzari, waɗansu har fitsarin kwance sukan yi. Akwai kuma wata siririyar hanya da ta taso daga cikin kunne ta ɓullo a bayan hanci, daidai kusa da naman nan. In ta toshe, ruwa yakan taru a cikin kunne, jin yaro ya ragu. Ga dalilin da ɗalibinmu ba ya amsa kira.

Amma fa ba kowane mai minshari ake yi wa aiki ba. Likita yakan duba hanci da kunne da maƙogwaro, sau da yawa ya sa a ɗauki hoton wuya daga gefe. Wani yaron maganin fesawa a hanci ya ishe shi, wani kuma a ce a jira a gani. Sai in numfashi yana ɗaukewa cikin barci, ko kunne ya ƙi warkewa, ko magani ya kasa, ake maganar cirewa. Cire shi kuwa ba ya rage wa yaro ƙarfin jiki, gama akwai sauran masu tsaro da yawa a cikin jikin.

BELU DABAM, WANNAN DABAM

Belu shi ne ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda kowa yake gani in an buɗe baki. A ƙasar Hausa an daɗe ana kai jarirai da yara wurin wanzami ya cire shi. Ba mu raina wanzamai ba, maƙwabtanmu ne, suna kuwa aske mu. Sai dai askar wanzami ba ta kai inda adinoyid yake. Za a cire belu, yaro ya zubar da jini, ya sha azaba, minsharin kuwa yana nan yadda yake. Ban da haka, ƙarfen da ba a dafa ba yana iya sa wa yaro ciwon sarƙewar haƙora ko ciwon hanta. In an riga an cire wa yaronku belu tun yana jariri, kada ku ɓoye, ku gaya wa likita.

INA ZA A NUFA?

A fara da babban asibitin da ke kusa, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, ko na Kaura Namoda. Daga can akan ba da takarda zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mutanen yankinmu sukan tafi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Tun ran da aka sa ranar aiki, ku tambayi abin da za a biya duka, da na gwaji da na gado da na magani, domin kada ku isa can kuɗi ya yanke muku. Ku tambaya kuma ko adinoyid kaɗai za a cire, ko tare da ƙululun nan biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tansil. Sau da yawa ana haɗa su, in kuwa an haɗa, jinya takan fi tsawo da zafi.

ME ZA MU FAƊA WA YARO?

Nan ne muka sha gardama da mahaifin ɗalibinmu. Ya ce, "Malam, ni zan ce masa za mu je Sakkwato sayen takalma. In mun isa, sai kawai ya ga abin da ya gani." Muka ce, "Baban yara, ran da kuka dawo fa? In gobe ka ce masa maganin nan ba ɗaci, zai yarda da kai?" Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka ruɗa aka kai shi ɗakin aiki, tsoronsa biyu ne: tsoron baƙin mutane masu rufe fuska, da tsoron cewa wanda ya fi amincewa da shi ya bashe shi. Mikin hanci yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Wancan kuwa yakan daɗe.

Mu iyaye ma muna da laifi tun da wuri. Sau nawa muka ce wa yaro, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura"? Mun mai da likita dodo da bakinmu. Tun daga yau sai mu bar wannan.

A faɗa wa yaro gaskiya, amma daidai ƙwaƙwalwarsa. Ɗan shekara 3 ko 4, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ya isa, gama ba ya iya lissafin kwanaki, zai yi ta fargaba a banza. Ɗan shekara 6 ko 7 kuwa a ba shi kamar mako guda, domin ya sami zarafin yin tambaya.

Ku lura da kalmomi ƙwarai. Kada ku ce "za a yanka," kada ku ce "za a yi maka fiɗa." Yaronmu ya ga an yanka kaza, ya ga an feɗe akuya ran Kirsimati, ya kuwa san akuyar ba ta tashi ba. Har wa yau akwai wata kalma da mu a gidajen masu bi ya kamata mu yi hankali da ita. Sa'ad da wani ya rasu mukan ce "ya yi barci." Yaron da ya ji an ce kakarsa ta yi barci, ya kuma ga an kai ta kabari, me zai ɗauka in an ce masa likita zai sa shi barci? Tilas mu ƙara masa bayani.

Ga yadda mahaifin nan ya yi a ƙarshe, muna zaune. Ya ɗora yaron a cinya ya ce, "Ka san yadda hancinka yake toshewa da dare? Akwai ɗan nama a ciki da ya tare hanya. Likita zai fitar da shi ta baki. Zai ba ka wata iska ka shaƙa, ka yi barci na ɗan lokaci, ba za ka ji komai ba. In ya gama sai ka farka, ka gan ni da Mama."

Yaron ya ce, "Baba, da zafi?"

Ya ce, "Lokacin aikin babu. In ka farka maƙogwaronka zai yi zafi kamar lokacin da ka yi mura mai tsanani. Za a ba ka magani, kowace rana kuma zafin yana raguwa."

"Laifi na yi?"

Mun yi mamakin tambayar nan, amma ashe yara da yawa haka suke tunani. Ku gaya masa sarai cewa ba horo ba ne, ba kuma don ya ƙi jin magana ba.

Mu malamai mun san yaro ya fi koyo ta wurin wasa. Ku ɗauki ƙaramin ƙoƙo ku kifa a kan hancinsa da bakinsa a hankali, ku ce ya hura kamar mai hura balan-balan. Sa'an nan shi ma ya zama likita, ya yi wa 'yar tsana ko ya yi muku. Ku nuna masa yadda ake ɗaure ƙyalle a fuska, ku ce bayan ƙyallen nan mutum ne mai 'ya'ya kamarsa. Ku gaya masa zai farka ya ga 'yar roba manne a bayan hannunsa, ta nan ake ƙara masa ruwa da magani. Abin da ido ya riga ya gani a gida ba ya firgita yaro a asibiti.

ABIN DA LIKITA YAKE BUKATAR JI

Kafin aiki za a gwada jinin yaro, a ga ko yana da isasshe, a kuma san irinsa. Wannan ba cin kuɗi ba ne. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin sikila a jininsa, yaron da yake da ciwon sikila kuwa sai an yi masa shiri na musamman kafin a ba shi maganin barci. Ga kuma ƙarancin abinci. A 2024, awon da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi ya nuna wajen yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. In jinin yaronku ya yi ƙasa aka ce a dakata a gina shi tukuna, kada ku ji haushi. A ba shi wake, da ƙwai, da zogale, da hanta in an samu.

Ku gaya wa likita waɗannan ko bai tambaya ba:

In yaro yakan daɗe yana zubar da jini in ya ji rauni, ko ya zubar da yawa lokacin kaciya, ko akwai mai irin wannan a dangi.

In wani a dangi ya taɓa shan wahala da maganin barci na asibiti.

In yana famfara, akwai haƙori mai motsi, gama ta baki ake aikin.

In an haife shi da tsagewar ganɗa, ko da an ɗinke.

Dukan maganin da yake sha, har da jiƙo da na gargajiya. Asfirin yana hana jini tsayawa, ba a kuwa ba yara shi.

In mura ko tari ko zazzaɓi ya kama shi ana gab da ranar, ku sanar. Mai yiwuwa a ɗaga aikin. Mun san zafin kuɗin mota da aka kashe, amma ba da maganin barci ga yaro mai ciwon ƙirji yana da hatsari.

JAJIBIRI DA SAFIYAR AIKI

Za a ce kada yaro ya ci abinci kafin aiki. Yawanci awa 6 ne ga abinci da madara da kunu, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa zalla. Amma ku bi lokacin da asibitinku ya faɗa, ku sa a rubuta muku. Dalili kuwa shi ne, in akwai abinci a ciki, yaro yana iya yin amai cikin barcin, aman ya gangara cikin huhu. Wannan yana iya kisa. Ku ja kunnen kaka da gwaggo, gama tausayi yakan sa a miƙa wa yaro ɗan ƙosai a ɓoye. In kuwa ya riga ya ci, ku faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aikin.

Ku tafi da abin da ya saba da shi, ko zanen uwarsa ko abin wasansa. Ku yi addu'a tare a gida cikin natsuwa, gajeriya. Kada a taru a kansa ana koke-koke kamar ana ban kwana, gama yaro fuskar uwarsa yake karantawa. Wanda ya fi ƙarfin zuciya cikin iyaye shi ya raka shi bakin ƙofa. Aikin kansa wajen rabin awa ne, ba a kuwa tsaga fata ko kaɗan. Amma da shiri da farfaɗowa za ku jira fiye da haka, kada hankalinku ya tashi.

BAYAN YA FARKA

Waɗansu yara sukan farka da kuka da fizge-fizge, kamar ba su san kowa ba. Maganin barci ne bai gama sakinsu ba, yakan wuce. Wani yakan yi amai, har a ga ɗan tsohon jini baƙi-baƙi da ya haɗiye. Da nas ta ba da izini, a fara da ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwa shi ne babban abu a kwanakin farko, domin maƙogwaron da ya bushe ya fi zafi. Daga nan sai koko ko kunu da ya huce, da fura mai laushi, da tuwo da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji. A dakata da ƙuli-ƙuli da kilishi da soyayyar gyaɗa har 'yan kwanaki. A ba da maganin zafi, irin su farasitamol, a kan lokaci kuma daidai awon da aka rubuta. Kada a jira sai ya yi kuka.

Ga abubuwan da za ku gani, kada su ba ku tsoro: warin baki har mako ɗaya ko biyu, toshewar hanci da minshari na 'yan kwanaki saboda kumburi, ɗan ciwon kunne ko na wuya, da sauyin murya kamar yana magana ta hanci. In muryar ba ta daidaita ba bayan 'yan makonni, a koma wurin likita. Kada ya fyace majina da ƙarfi. Kada a ɗura masa komai a hanci sai abin da likita ya bayar. A raba shi da hayaƙin murhu da maganin sauro na kunnawa, ya kwana cikin gidan sauro. In lokacin hunturu ne, a tsare shi daga ƙura. Ya huta mako guda bai zo makaranta ba, in har da tansil aka cire, mako biyu. Ku aiko mana, mu za mu ajiye masa karatunsa.

KADA A YI GARAJEN KOMAWA GIDA

A manyan birane akan sallami yaro ran da aka yi aikin ko kashegari, gama asibiti yana kusa da gida. Mu namu ba haka yake ba. Kowa ya san halin da hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ba mai fita da dare da son ransa. Waya ma ba abin dogara ba ce kullum, mun tuna yadda aka rufe layuka a Zamfara a watan Satumba na 2021. Idan jini ya ɓalle wa yaro da tsakar dare a Badarawa, ina za a nufa?

Saboda haka ku gaya wa likita ainihin inda kuke zaune, ku tambaye shi kwana nawa ya kamata ku yi kusa da asibiti. Tun kafin tafiya ku nemi masauki wurin ɗan'uwa ko abokin arziki a garin. In an cire tansil, ku sani jini yakan iya ɓallewa tsakanin kwana 5 zuwa 10, sa'ad da ɓawon mikin yake faɗuwa, watau daidai lokacin da kowa ya saki jiki.

A koma asibiti nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: jan jini sabo daga hanci ko baki, yaro yana ta haɗiye-haɗiye ba dalili, ko ya yi aman jini, numfashi da ƙyar, ya ƙi shan ruwa har fitsari ya ragu, zazzaɓi mai zafi, ko wuya ya sandare ya kasa juya kai. Kada a tsaya sayen magani a shago. Zazzaɓin ma a bari a gwada, a san ko na sauro ne ko na miki.

Iyalin nan sun yi kwanaki a Sakkwato wurin wani ɗan'uwansu kafin su dawo. Gwaggon ta gaya mana cewa a makon farko ta tashi da dare sau uku tana kara kunne a hancinsa, gama shirun ya yi mata yawa. Yanzu yana aji biyu, a bencin gaba. Ran nan mun ji shi a filin wasa yana gaya wa wani yaro da za a cire wa haƙori, "Ka tambayi babanka, zai faɗa maka gaskiya."

In akwai mai minshari a ɗakinku, ku tashi yau da dare ku saurari numfashinsa na ɗan lokaci. In kun ji yana ɗaukewa, ku kai shi a duba. Masu tambaya kuma su aiko mana da wasiƙa kamar kullum. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.